Irin geron Kaka da tsohuwar Japan

Shekarar da fari ya cinye gonakin Guna, Kaka ta zo mana Damagaram a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da tabarmarta da wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Irin gero ne a ciki, wanda take zaɓa zangarniya-zangarniya tun kakana yana raye. Ta tura shi ƙarƙashin gado ta ce duk wanda ya taɓa, ita da shi har gaban Allah. Ruwa zai dawo, ita kuma gida za ta koma ta shuka.

Mu kuwa a unguwar Kara-Kara jar dawar taimako muke ci, wadda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Sau ɗaya a yini, wata rana ma babu. Innarmu takan leƙa ƙarƙashin gadon nan ta haɗiye yawu, amma wa ya isa ya yi wa uwar miji magana?

Maƙwabcinmu, ma'aikacin gidan waya, yana da tele. Ran Lahadi bayan magariba sai ya fito da ita tsakar gida, unguwa ta taru. Lokacin ana nuna wani wasan mutanen Japan da Faransanci, Baffa, ƙanen babanmu mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, yana fassara mana. Labarin wata tsohuwa ce mai ƴar gonar shinkafa a gindin dutse. Ƴaƴanta sun matsa mata ta sayar su koma birni, ita ko ta kafe.

Da farko Kaka cewa ta yi akwatin shaiɗan ne. Ranar da ta ga tsohuwar ta duƙa tana dashe, shi ke nan, ta riga kowa shimfiɗa tabarma. Takan ce mata, "Sannu da aiki, ƴar'uwa." In babban ɗan ya buɗe baki sai ta daka masa tsawa, "Ji ɗan banza!" Baffa ya gaji da gaya mata wasa ne. Ta ce wasa ba ya tanƙwara wa mutum baya haka, wannan matar ta san noma.

Kashi na farko ya ƙare tsohuwa na tsaye cikin gonarta, ba ta sayar ba. Kaka ta rangaɗa guɗa da cikin da bai ga abinci ba tun safe. A hanyar gida ta ce da ni, "Kin gani? In ita ta riƙe, ni ma na riƙe."

Damina ta sake wucewa ba ruwan kirki. Sai aka ce kashi na biyu ya zo. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wata mata suka kawo mai kumatu, an shafa mata fari a gashi, wai ita ce tsohuwar. Ba gona, ba dutse. Suna birni sun buɗe gidan abinci, sai gardamar wa zai auri wa. Shirme tsagwaronsa!

Kaka ta ce, "Wannan wace ce?"

Baffa ya ce, "Ita ce, Inna. Ƴar wasan suka sake."

"Rufe mini baki. Ban san ƴar'uwata ba? Ta rasu, ko zaman makoki ba su yi mata ba. Gonar fa?"

Baffa ya kasa kunne. Can sai babban ɗan ya faɗi wata magana yana dariya. Da Baffa ya yi shiru mana! Amma mutumin lakwal, sai ya fassara: an sayar, an gina masana'anta a wurin.

Kaka ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta ta fita tun wasan bai ƙare ba. An yi kashi na uku daga baya, jikoki da motoci da kiɗa, ya ma fi na biyu lalacewa. Ita dai ba ta sake leƙa gidan ba.

Kashegarin ranar da ta ji an sayar da gonar, da hantsi, Kaka ta jawo tulun da kanta, ta fasa lakar da muciya, ta tura wa Innarmu. "Daka wa yara."

Innarmu tana daka tana kuka. Mu kuwa mun ci, wallahi mun ci har da suɗe kwano, ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba, kuma na tsani wannan daɗin. Kaka ko loma ba ta kai baki ba.

Da ruwa ya sauka damina ta gaba, unguwa duk ta fito ana ihu. Na ruga na gaya wa Kaka. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta ce, "Rufe, feshi na shigowa."