Isuhu da Layi na Takwas

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Isuhu mai gyaran rediyo, taubashina, wanda ya daɗe yana ɗaukar mana sauti duk inda muka je wasa. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Akwai godiyar da ban yi masa ba yana raye, kuma tunda a bainar jama'a na saba yi masa tsiya, a bainar jama'a ya kamata in gode masa.

Ɗiyata Hadiza ce ta tayar da maganar. Ana saura kwana kaɗan a ɗaura mata aure ta same ni a zaure ta ce, “Baba, na hwara manta muryar Inna.” Rabi, uwarta, shekara huɗu ke nan da rasuwa. Ita ce mai guɗa a ƙungiyarmu ta kiɗa, tana kuma taya amshi. Hadiza ta bi wayoyin dangi kaf, bidiyon biki ba iyaka, amma ba abin da ake ji sai ƙarar lasifika da ihun sanƙira, mai kirarin manyan baƙi. Ana ganin bakin Rabi yana motsi, shi ke nan. Maganar yarinyar nan ta tsaya mini a ƙirji, kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Bari in koma baya. Da ƙungiya ta ɗan yi ƙarfi muka shirya sayen kayan sauti, ni da Isuhu aka tura Maradi. Ni ne mai waƙa, ni ne shugaba, kuma na san abin da na je nema: manyan lasifikokin da in na buɗe baki a Dakoro za a ji ni a Azagor. Ɗaukar sauti kuwa, a ganina ƙaramar na'ura mai layi biyu ta ishe mu, ta kwashe kome a dunƙule. Isuhu ya ce sam. Shi mai layi takwas yake so, kowane mutum da mikronsa, kowane mikro da layinsa daban, yadda in an dawo gida za a iya ɗaga wannan a rage wancan. Ya ce abin da aka ɗauka a dunƙule kamar fura ce da aka dama, ba mai sake raba gero da nono.

Yini guda muka yi muna zagayen shaguna, ni ina cika ina batsewa. Wani mai shago ya miƙo mana wata mai araha, an rubuta takwas ƙato a kwalinta. Har na miƙa hannu. Isuhu ya ce a jona mata mikro takwas yanzu ya gani. Ashe ƙofa biyu gare ta, biyu take ɗauka a lokaci guda, sauran sai an bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki. Wa zai ce wa amarya ta tsaya a sake biki don mai kalangu ya shiga layinsa? Araha dai ba ta ado. Aka nuna mana ordinata, wato kwamfuta, mai iya ɗaukar fiye da haka, Isuhu ya ce yashin hanyar Tagriss zai kashe ta kafin damina. Ya tambaya ko na'ura tana aiki da pil, wato batir, don ƙauyukan da muke zuwa ba kuran, ba wutar lantarki ke nan, gurup ɗin da ke ba mu wuta kuma yakan mutu a tsakiyar waƙa ba sallama. A ƙarshe ya ɗauki wata baƙa mai nauyi, da maɓallai takwas da ake ja sama da ƙasa da yatsa, tana ajiye sauti a kan ɗan kart. Kuɗin da suka rage ƙananan lasifikoki kaɗai suka saya mana. Da fushina muka iso Dakoro.

Rigima ta biyu a kan rabon layukan ce. Ɗaya nawa, ɗaya na gurmi, biyu na kalangu, ɗaya na gita, ɗaya na 'yan amshi maza, ɗaya na sanƙira don a samu damar rage masa murya. Na takwas na ce a ƙara mini, mikro biyu ya dace da shugaba. Isuhu ya ɗauke shi ya kafa gaban Rabi. Na ce guɗa ai ba waƙa ba ce, wa ke ɓata layi guda a kan ayyururui? Ya dube ni ya ce, “Kai bawana, muryarka ko ba mikro jakai na amsa mata. Ita wa ke jin ta?” Aka yi ta dariya, har Rabi ta rufe baki da gyale. Gwano ba ya jin warin jikinsa, ni a lokacin gani nake an rage mini girma.

Haka muka yi shekaru. Mu muna gaba ana yi mana liƙi, shi yana can gefe a kan tabarma ƙarƙashin inuwa, kaske na sauraren sauti a kunne, ido a rufe, yatsu a kan maɓallai. Mutane da yawa sun ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Yanzu in muka fara wasa hannu ɗari ne a sama, kowa da wayarsa, kowa na ɗauka, in an je saurare kuma ba a bambanta kalangu da kukan babur. Na san zai yi tsaki. Amma ba mai ƙin sabon abu ba ne. Da ya ga na'urorin yanzu, ƙanana, marasa nauyi, masu layuka fiye da yatsun hannu, da ya yini yana juya su. Sai dai tambayarsa ba za ta canza ba: nawa take ɗauka a lokaci guda, kuma wa aka bari ba mikro?

Bayan maganar Hadiza na tafi wurin Zainabu, matar marigayin. Ta fito mini da na'urar a naɗe cikin zane, da wani gwangwanin madara cike da kart, kowane a nannaɗe cikin takarda da sunan garin da aka yi wasan. Ina cikin dubawa na ci karo da wata takarda da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: “Mai Yara. Layi na takwas. Na Hadiza ne, in ta girma.”

Na kira Hadiza da hantsi muka zauna a ɗaki. Na sa pil, na zura kart ɗin, na kunna. Wani biki ne da muka yi a Mai Yara tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Kiɗa ya cika ɗakin. Na fara jan maɓallai ƙasa yadda na sha ganin yana yi, kuma da tawa muryar na fara, abin da ban taɓa yarda a yi ba yana raye. Na sauke sanƙira, na sauke gurmi da gita da kalangu da 'yan amshi. Sai ga Rabi ita kaɗai, har numfashinta ana ji. Ta rangaɗa guɗa, Hadiza ta dafe ƙirji.

Hadiza 'yar fari ce. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari. Rabi har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai “ke” ko “yarinyar nan”. Amshin waƙar ranar kuwa shi ne, “Sannu amarya, ɗiyar mutane, Allah shi kai ki lahiya.” Da aka zo wurin, a ƙarƙashin ƙarar kalangu inda ta tabbata ba mai jin ta, abin da Rabi take rerawa a hankali shi ne, “Sannu Hadiza, ɗiyar cikina, Allah shi kai ki lahiya.” Ba sau ɗaya ba, duk zagayen amshi har waƙar ta ƙare. Ni da nake tsaye taku uku daga gare ta ranar ban ji ba, ina can ina sauraren kaina. Muka yi kuka ni da ɗiyata, ban kuma ji kunyar yin sa ba.

Mutum ɗaya ne ya ji a ranar, mai kaske a kunne. Taubashi ne, tsiya aikinsa ce, da ya so da ya tsokani Rabi da wannan har ta rasa inda za ta sa kanta. Bai faɗa mata ba, bai faɗa mini ba, ko Zainabu ba ta sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya nannaɗe abin a takarda ya ajiye wa mai shi.

Lasifikokin da na yi fushi a kansu sun daɗe da fashewa, na'urar ma maɓalli biyu sun fara cijewa. Muryar Isuhu kuwa na bi gwangwanin nan kaf ban same ta ba, bai taɓa ba kansa layi ba. Abin da ya bari shi ne mu, kowa da muryarsa daban. Ranar da aka kai Hadiza ɗakinta, kart ɗin yana ƙulle a bakin zanenta. Allah shi jiƙan ka, Isuhu, shi sa ka huta. Layi na takwas ba nawa ba ne, ka fi ni gaskiya, na gode.