Babbaƙun da Na Gina da Laka

Ni dai tun ina yaro zama wuri ɗaya ba nawa ba ne. Har yau da furfurata, in na daɗe bisa tabarma sai ƙafafuna su kama kaɗawa.

Tun Nasara ba su iso ƙasar nan ba, wani rani Baba ya gangaro da shanunmu daga Alakos zuwa rijiyoyin Gure, ya kai ni wajen wani tsohon malami. A gabana ya ce, "Malam, ruwan farko zan dawo. In ya san babbaƙu, na bar maka shi. In bai sani ba, sandar kiwo na jiransa." Ni kuwa zama nake so. Na gaji da ƙaya da ƙishirwa, kuma ƙamshin tawada ya shiga raina.

To amma fa kan nan nawa! Malam zai rubuta min baƙaƙe a allo, in duba in ga duk kamarsu ɗaya, sai ka ce sawun kaji. Yara na rera karatu, ni idona na kan akuyar maƙwabta, hannuna na ƙarƙashin riga yana murza lakar bakin rijiya. Shanu nake ginawa, da ƙaho da tozo, yadda 'ya'yan makiyaya ke yi.

Ran nan Malam ya kama ni. Na runtse ido ina jiran bulala. Shiru. Da na buɗe, sai na ga yana jujjuya san lakar a tafinsa.

"Kai ɗan nema, wa ya koya maka lanƙwasa ƙaho haka? Lanƙwasa min wannan mu gani." Ya nuna wani baƙi a allo.

Na murza, na lanƙwasa, na ɗana masa ɗigo a ƙasa. Malam ya faɗi sunansa, na maimaita, wallahi ya zauna min daram. Nan da nan sauran yaran suka ce su ma, makaranta ta koma kamar gidan magina tukwane. Muna gamawa mu jera su bisa katanga, don baƙaƙen Littafi ba a barinsu inda ƙafa za ta taka.

Gabas ta fara haɗa hadari, ni ko na kasa sukuni. In fita in leƙa sama, in dawo in ƙirga abin da ya rage min, in sake fita. Ranar da ruwan ya sauko muna daji wajen itace. Na yar da ƙunshin na sheƙo a guje, na tarar babbaƙun lakar duk sun narke sun bi katanga. Na yi kuka har da majina.

Washegari sai ga Baba. Malam ya miƙo min allo, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai Malam ya dumbuzo laka daga gindin katangar ya danƙa min. Na fara ginawa. Ina gina baƙi, sunansa na fitowa da kansa, har na kai na ƙarshe.

Baba bai san baƙi ko ɗaya ba. Ya tsuguna ya kwashe su da ɗanyensu, ya ƙulle a bakin rawaninsa kada a taka. Ya ce, "Na bar maka shi, Malam."

Abin da na roƙa ne na samu, amma zuciyata ta tsinke. Na ruga na haye dutsen bayan gari, ina hango garkenmu ya miƙi arewa. Na ƙwala wa saniyata kira. Ita ta waiwayo. Baba bai waiwayo ba.