Abin da Yaya Ta Nema a Cikin Jininta

Yayata ce ta raine ni a unguwar New Bell bayan rasuwar Inna, a wani gida mai ɗaki biyu wanda idan damina ta kankama sai mun jera bulo a tsakar gida muna takawa. Waina take soyawa a bakin layi. Mace ce mai baki. Idan mai babur ɗin haya ya fantsala mata ruwan kwata, sai ta wanke shi tas da Hausa, ta ƙara masa da ɗan Faransancin da ta tsinta a kasuwa. Abu ɗaya ne yake kashe mata baki: a gidan suna wata baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa. Sai ta ce Allah bai kawo ba, ta tashi ta koma wajen wanke-wanke.

Alhali ya kawo. Ina 'yar makaranta lokacin. Cikinta ya isa haihuwa, namiji ne, ya zo babu rai. Ta sha wuya har ta fita hayyacinta, kafin ta farfaɗo maza sun naɗe shi a farin ƙyalle sun kai shi. Haka ake yi, wai don a rage wa uwa zafi. Ba ta ga fuskarsa ba, ba a raɗa masa suna ba, mu mata kuma ba ma zuwa maƙabarta. Da ta matsa wa mijinta, ya ce mata yana kusa da katanga, gindin wata bishiya. Daga baya aka sare bishiyar, wurin ya cika, aka yi ta binne wasu. Mijin ma ya rasu, ita kuma ba ta sake samun ciki ba. Matan unguwa ba da mugunta suke sa ta cikin waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, mantawa suka yi. Amma ni har yau abin yana ƙona min rai.

Wainar nan ce ta kai ni makaranta, har na zama mai gwajin jini a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wani ƙaramin asibiti a unguwar Nkololoun. Yaya takan kira ni dokta don tsokana, ta ce duk karatuna ya ƙare a neman sauro cikin jinin mutane. Ba ta yi ƙarya ba, yawancin aikina gwajin zazzaɓi ne.

Wata shekara aka tura mu ƙaro ilimi. Wata likita ta ba mu labarin abin da masu bincike suka gano: lokacin goyon ciki, wasu ƙwayoyin halittar jariri suna ratsa mabiyiya su shiga jinin uwa, su samu wurin zama a ɓargonta, a hantarta, har a zuciyarta, su daɗe shekara da shekaru. Ta ce ana gane haka ne idan aka tarar da alamar namiji a jikin macen da ta taɓa ɗaukar cikin ɗa namiji. Ni da ba na magana a taro, na ɗaga hannu na tambaye ta ko da jaririn bai zo da rai ba. Ta ce ko ɓari ne ma ana samu. Ban ji sauran darasin ba.

Na daɗe ina juya maganar kafin na faɗa wa Yaya. Tana dama ƙullu na zauna kusa da ita na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba. Ta ce min albasar da na yanka ta yi manya, kamar wadda ba a gidan waina ta tashi ba. Na ɗauka maganar ta wuce ke nan.

Bayan wani lokaci zazzaɓi ya kama ta. Ita da asibiti sai an kai ruwa rana, amma ranar da kanta ta zo labo, da mayafinta na zuwa biki. Na huda ɗan yatsanta, na shafa jinin a gilashi, na rina shi, na sa a mikroskop, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa a ido. Ina cikin dubawa ta ce, "Auta, matsa in gani."

Na gyara mata kujera, na nuna mata yadda za ta ɗora ido. Ta daɗe tana dubawa. Na san abin da take gani, jajayen ƙwayoyi birjik kamar an zubar da gero. Can ta ce ga wani nan shi kaɗai, launinsa daban, ya fi sauran girma.

"Shi ne?"

Farar ƙwayar jini ce, irin wadda nake gani kullum. Na ce mata na'urarmu ba ta bambance nata da nasa, sai manyan injunan da ba mu da su a nan.

"Amma ba za ki iya cewa ba shi ba ne," in ji ta.

Na ce ba zan iya ba. Ta mayar da idonta. Marasa lafiya suna jira a benci, abokin aikina yana leƙowa yana nuna min agogo, na yi kamar ban gan shi ba. Da ta tashi, gefen na'urar ya jiƙe, ta goge shi da bakin mayafinta, ta ce fitilar ce ta yi mata ƙarfi a ido.

Bara Yaya ta rasu. Ni da wasu dattijan mata muka yi mata wanka. Ina zuba ruwa a ƙirjinta a hankali, har ɗayarsu ta ce in yi sauri, maza suna jira. Aka ɗauke ta zuwa maƙabartar da aka kai ɗanta, na tsaya a ƙofar gida kamar yadda muke tsayawa, ina kuka. Da suka dawo, ɗan ƙanin mijinta ya kwatanta min inda aka binne ta, na sa ya maimaita har na riƙe. Yanzu dai na san inda ɗan Yaya yake kwance.