Allon da Malam Ummaru Ya Yi wa Gwaggo Azumi

Idan mai baƙin ciki ya roƙe ka abu, ka hana shi, ka miƙa masa wani abin daban, taimakonsa ka yi ko ƙara masa ciwo? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samu amsa ba. Malam Ummaru Mai Fenti ne ya ɗora mini ita, shi da zai rufe rumfarsa ta Dutsin-Ma bana saboda ido ya fara gazawa.

Da hantsi yakan fito, ya yi aikin abinci tukuna: ƙyauren gida, allon shago, lambar babur. Ragowar fentin da ke gindin gwangwani ba ya zubarwa. Bayan la'asar sai ya kwantar da allon katako a ƙasa, ya sirka ragowar da kananzir, ya zuba. Ba ya fara da fensir. Ja ya malala, shuɗi ya tare shi, ya bar su su sha iska, sannan ya kankare da bayan cokali, ya goge da tsumma. Wani lokaci ya fi daɗewa yana kallo fiye da taɓawa. Na taɓa ganin ya shafe wurin da ya fi kyau a allo, na ce don mi? Ya ce, "Ya cika surutu, ya hana sauran magana."

Babu mutum a zanensa, babu dabba, babu gida. Masu zama a bencinsa kan tsokane shi. "Malam, yau kuma akuyar wa ta taka fenti?" Ya ce, "Taka ce, zo ka biya."

Malam, kai ne ka koya wa garin nan cewa launi ma yana da abin faɗi, ko da bai ɗauki kamannin kowa ba. Mai haƙuri da allo, mai haƙuri da mutane.

Bara wata dattijuwa, Gwaggo Azumi, ta zo daga Ɗantutture tare da 'yarta Hawwa'u. Ɗanta Jibril ya rasu a haɗarin babur a hanyar Kurfi, wayar da ke ɗauke da hotunansa ta farfashe. Hawwa'u ta ce tsohuwar ta daina cin abinci sosai, kullum faɗi take fuskarsa na ɓace mata. Ina zaune Gwaggo ta ce, "Malam, ka san shi, kai ka rubuta masa lambar babur. Zana mini fuskarsa."

Ya ce, "Gwaggo, na bar zanen fuska tun ina saurayi, zuciyata ba ta natsu da shi ba. Ko na yi, wani zan zana miki, ki zauna kina kuka gaban baƙo. Amma faɗa mini, wace hula yake sawa?"

Hawwa'u ce ta lissafa: hula ruwan ɗorawa, riga shuɗiya da ta koɗe, jar ƙasar gonarsu da ba ta barin ƙafarsa, koren ganyen gyaɗa. Da waɗannan ya yi allon. Ranar da suka dawo, Gwaggo ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Ɗana na tambaya, ba zanen gado ba. Tashi mu tahi." Ta fita ta bar shi.

Na ji haushinka a ranar, Malam, na kuma faɗa maka. Ba ka kare kanka ba. Ka jingine allon a bango, masu so suka taya, ka ce ba na sayarwa ba ne. Na san ka damu, don ka daɗe ba ka zuba fenti a ƙasa ba.

Mun gode maka da shekarun da ka yi kana ƙawata ƙofofinmu, da kuma gaskiyar da ka faɗa a inda ƙarya ta fi sauƙi. Matasan da ke riƙe da buroshi, ku je ku zauna a bencin nan kafin a ɗauke shi. Ku koyi jiran fenti ya bushe, ku koyi faɗin abin da ba za ku iya ba.

Bayan an cire gyaɗa, Gwaggo Azumi ta dawo ita kaɗai. Ta zauna tana kallon allon, har na fara shirin tashi in ba ta wuri. Can ta nuna da yatsa.

"Wannan ruwan ɗorawar ya yi yawa. Hularsa ba ta kai haka haske ba, yaron da ba ya wanki."

Malam ya ɗauko tsumma da kananzir. "A rage?"

"Rage. Nan gefen kuma ya fi duhu, inda yake kamawa idan zai gaida mutane. Sai ya karkata kai, ya runtse ido guda kamar ubansa."

Ta tsaya, ta ji abin da ta faɗa. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ci gaba da ba mu labarin wushiryarsa da tabon goshinsa. Malam yana ta gogewa.

Da fentin ya sha iska, ta warware mayafinta ta naɗe allon.

"Ummaru, tsaida mini mai babur. Ka ce masa ya tahi a hankali."