Ranar da Kaka Ta Karɓi Tarho

Makon jiya ma'aikata suka zo gidana a Gusau suka kafa 'yar akwatin intanet, irin wadda gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kaso mai tsoka na kuɗinta. Da suka ɓare sabuwar waya daga leda, warin robar ya bugi hancina, sai ga ni a zauren gidanmu na Bungudu, ina 'yar firamare, ƙafa ba takalmi.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Aka yi shela cewa gwamnati za ta sassauta kuɗin jawo tarho ga gidajen talakawa da ke kusa da falwaya. Kada ka yi dariya, mai karatu. A wancan zamani tarho sai ofis, sai gidan manyan alhazai. Babanmu manomi ne, amma ya dinga sintiri Gusau har takalminsa ya ji jiki. Abokansa suna ta yi masa tsiya, wai wa zai kira, buhun gero?

Shi kuwa yana da dalili. Wansa, Baba Babba, ya tafi Kurmi fataucin shanu tun ban yi wayo ba, ya zauna can, labarinsa sai a bakin direbobi. Ga Kaka, mahaifiyarsu, ta tsufa, ido ya tafi, jiki yau lafiya gobe ciwo. Tsoron babanmu kada ta koma ga Allah ba ta ƙara jin muryar ɗanta ba.

To amma Baba Babba ɗan fari ne, Kaka kuwa mutuniyar dā ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana baki da baki. An ce ko yana zaune gabanta sai ta dubi bango ta ce, “A ce ma wancan tuwo na hucewa.” Ban taɓa jin ta tambayi labarinsa ba. Sai dai in motar shanu ta wuce a titi, takan tsaya da kaɗin audugarta har ƙarar ta ɓace.

Lokacin girbi aka kawo tarhon, gari duk ƙamshin gasasshen tumu. Baƙi ne wuluk, aka ɗora shi a kan kujerar tsuguno, aka lulluɓe da kyalle mai aiki kamar kwanon amarya. Murna kamar ta kashe mu. Gwaggo ta taho daga Tsafe a bas, har da kazarta. Ni dai na sha ranƙwashi, don da na ga ba kowa sai in ɗaga in saurari kukan da yake yi a kunne. Babanmu ya ba wani direba lambar ya kai Kurmi, amsa ta dawo cewa ran Juma'a bayan masallaci.

Ranar zaure ya cika, mata sun yi cirko-cirko a bayan zana. Ni na jawo Kaka da sandarta na zaunar da ita a tabarma. Da abin ya yi ƙara, har liman sai da ya zabura. Babanmu ya ɗauka yana ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙarshen gona. Can ya durƙusa ya miƙa.

“Inna, ga shi.”

Kaka ta ja mayafi ta kau da kai. “Ni? Mi zan ce? Ku dai ku gaisa.”

Gwaggo ta roƙa, liman ya sa baki, ta ƙi. Layin ya fara ƙoƙo-ƙoƙo, kuma kowa ya san in ya yanke sai wani ikon Allah. Gumi ya karyo wa babanmu. Ni kuwa jika ce, tsakanina da ita wasa ne, ba mai hana ni. Na fizge kan tarhon na manna mata a kunne, na ce, “Tsohuwa, ki yi magana ko in ce kin kurumce.”

Ta ɗora hannunta a kan nawa. Sai ta juya mana baya, ta fuskanci bango.

“Bawan Allah, kana jina? In ka ga mutumin nan, ka ce mai na yahe mai daɗewar da ya yi. Ka ce ina cin tuwona, kada a ruɗe shi. Ka ce idona ya tahi, amma in ya yi sallama zan gane shi.”

Ina jingine da kafaɗarta, na ji ƙaton mutum yana kuka a cikin waya. “Zai ji, Inna. Wallahi zai ji.”

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, yara muka hau tsalle a tsakar gida har muka zubar da ruwan kaskon kaji. Ban taɓa yin farin ciki irin na wannan yini ba. Ba a gama sussuka ba Baba Babba ya yi sallama a ƙofar gida, ta kuwa gane shi. Bai sake komawa ba sai bayan da ya sa ta a kabari da hannunsa.

Yanzu duniya ta sake. 'Yan zamani suna kiran ɗan fari da sunansa gatsau, suna ganin fuskarsa a waya ko yana wata ƙasa, ni ma ina cikinsu, kuma ba na kuka da haka. Baba Babba ya tsufa, jikokinsa suna kiransa safe da yamma har yakan ce sun ishe shi. Kwanaki na tambaye shi ko bai ji haushi ba da Kaka ta mai da shi ɗan aike. Ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Ya ce tun da aka haife shi, ranar ce kaɗai muryar uwarsa ta shiga kunnensa ba ta bi ta bakin kowa ba.