Goran da na rataye a bakin ɗaki

Sau biyu na kai maigidana gaban alƙali a Haɗeja, zamanin Turawa, duk a kan duka. Na farko faɗa aka yi masa. Na biyu dogari ya zane shi da bulala, alƙali kuma ya ce in ya kuskura ya sake, wata shida ne a gidan yari. Amma fa sai an ga rauni da ido, don bakin mace kaɗai ba ya ɗaure namiji.

Maigidana ba wawa ba ne, sai ya daina taɓa ni da rani. Ƙauyenmu a cikin fadama yake. In kogi ya cika hanya ta yanke ke nan, sai a yi wata biyu ba a leƙa gari ba, kwalekwale ɗaya da ake da shi kuma na ƙaninsa ne. Lokacin yake huce haushinsa a kaina. Kafin ruwa ya janye kumburi ya saɓe, shatin ya ɓace, me zan nuna wa alƙali? Damina uku muna haka. Mutane na murnar ruwa saboda kifi da shinkafa, ni kuwa da na ga ya taɓo gindin giginyar bayan gida sai na san lokacin duka ya zo. "Ki yi haƙuri" kam na sha ta har ta gundure ni.

A damina ta huɗu ya fasa mini leɓe, ido ɗaya ya rufe. Washegari da hantsi na ɗauki babban goran da masunta ke hawa, na kwanta a kai rub da ciki ina tura ruwa da hannu. Ban iya iyo ba. Wallahi ba jarumta ba ce, gajiya ce kawai. Da la'asar na isa Haɗeja, zanina na ɗiga.

Alƙali ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ta ina kika biyo?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ta inda ya zaci ba zan iya ba."

Aka ɗaure maigidana. Ni kaɗai na yanke shinkafa a shekarar, danginsa suka daina amsa gaisuwata. Da ya fito ya tarar da goran a rataye a bakin ɗakina. Ya kalle shi, bai kuma ƙara ɗaga mini hannu ba. Mun ƙara shekara ashirin tare, kowace damina sai na sauke goran na duba ko ya tsage. Ko daminar da ta biyo bayan rasuwarsa sai da na duba.