Kujerar Da Aka Kawo Wa Tsoho

Shekarar da na ajiye alli, bayan na gama koya wa ’ya’yan mutane tarihi da labarin ƙasa, ’yan dakon kasuwar hatsi ta Jibiya suka ɗauke ni sakataren ƙungiyarsu. Ban taɓa saɓa buhu ba a rayuwata. Su suna neman wanda zai rubuta musu wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma ba tare da an yi musu dariya ba, ni kuma ina neman inda zan nufa da safe kafin maiɗakina ta gaji da ganin fuskata.

Shugaban ƙungiyar wani dattijo ne gajere, wuyansa ya shige cikin kafaɗu saboda shekarun dako. Ni kaɗai nake ce masa ciyaman. Kowa Tsoho yake kiransa. Ofishinsa benci ɗaya ne a gindin darbejiya, yana fuskantar inda manyan motoci ke tsayawa kafin su hau hanyar Maraɗi. Aikinsa kuwa, in mota ta zo lodi, shi zai ce wane da wane za su yi. Ya ɗaga kai ya dubi jama’a, ya ce, “Kai, da kai, da kai, da wancan mai gyangyaɗin.” Shi ke nan an gama tsari.

Rabin mutanensa ’yan gari ne da manoman Farfaru masu shigowa da rani, rabi kuma daga wajen Maraɗi suka zo. Abin da ya haɗa su, a iya ganina, shi ne raina Tsoho. Mutum zai zura hannu cikin aljihunsa ya zaro goro ko sallama babu. Wani ya ture shi zuwa ƙarshen benci yana cewa, “Tsoho, matsa mana, bencin gadonka ne?”

Shi kuma ya ce, “Ji wanda ya shigo Najeriya da wando ɗaya.”

Ni da na shekara talatin ina bayanin yadda aka tsara manyan dauloli, abin ya tsaya mini a rai. Sai aka rufe boda, motoci suka yi ƙaranci, aka fara musu kan wa aka tsallake, wa aka fifita. Na ga lokacin ilimi ya yi. Na sayo babban littafi, na ja layuka da rula, na ba kowane ɗan dako lamba. In mota ta zo, a karanta lambobi bi da bi, ba sani ba sabo.

Tsoho ya juya littafin a hannunsa kamar mai tayin kaza. Ya ce, “Malam, takardar nan ta san wanda matarshi ta haihu jiya?”

Na ce, “Ba ta sani ba, kuma amfaninta ke nan.”

“Ta san mai ciwon baya, a ba shi buhun dusa a bar ma wani na wake?”

Na ce adalci ba ya duban baya. Har yau ina jin kunyar wannan jimla, amma a lokacin ta yi mini daɗi a baki. Ya miƙo mini littafin, ya ce, “To, a gwada.”

Muka kira taro. Na karanta tsarin, na ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Ba hannun da ya motsa. Aka ce madalla, aka ce ya yi, aka ce Allah Ya sa alheri. Na rubuta cewa an amince baki ɗaya, na ja layi a ƙarƙashi.

Musu kuwa ya ɗauke kamar ruwan sama. Da shi wasu abubuwan ma suka ɗauke. Goron Tsoho ya fara kwana a aljihunsa. Benci ya yi masa faɗi, don kowa ya koma kan buhuna can gefe. In ya iso da safe sai a miƙe tsaye, a ce, “Ranka shi daɗe, Ciyaman.” Na ji daɗi matuƙa. Na ce a raina, ashe tarbiyya ma littafi take jira.

Wata ranar kasuwa sai ga babur ɗauke da kujera, irin ta ƙarfen nan mai saƙar igiyar roba da ake yi a Maraɗi, da hannuwa da wurin jingina. Wani dogon ɗan dako, mutumin can ƙetare, wanda ya fi kowa satar goron Tsoho a da, shi ya yi jawabi. Ya ce Ciyaman ya sha wahalar jama’a, lokaci ya yi da bayansa zai huta. Na tafa. Sai da na tafa sau uku na lura ni kaɗai nake yi.

Tsoho ya yi godiya mai tsawo, ya shafa kujerar, ya yaba saƙarta, amma bai zauna ba. Bayan la’asar ya kira ni gefe.

“Malam, mi ka rubuta yau?”

Na karanta masa: membobi sun karrama shugaba da kujera, alamar gamsuwa da sabon tsari.

Ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya sa Bahar Maliya a Sakkwato. Ya ce, “Wanda na gada, babbar riga aka ɗinka mashi. Na gabanshi, laima. Mu nan ba a ce ma mutum sauka. Wanda ya shekara ashirin yana ɗora maka kaya a ka, da wane baki za ka ce mashi sauka? Sai dai a yi ta girmama shi har shi gane.”

Na ce ai kuwa wannan ba ya cikin tsarin mulkin ƙungiya. Ya ce ni na rubuta tsarin mulkin, su ba su karanta ba. Sannan ya sassauta murya. “Kai baƙo ne cikinmu, wataƙila su faɗa maka. Je ka jiyo mani. In da gaske suke, in sauka da mutuncina. In fushi ne kawai, in jira shi wuce.”

Na raba shafi biyu, masu so ya zauna a dama, masu so ya sauka a hagu, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce, “Subhanallahi! Wa ya ce shi sauka? Ubanmu ne.” Na sa shi a dama. Na ce to a mayar da kujerar? Ya ce ai kyauta ba ta komawa. Na goge. Na biyu ya ce duk abin da jama’a suka gani shi ma ya gani. Na tambayi abin da jama’a suka gani, ya ce ai na ga kujera. Na uku ya tambayi lafiyar iyalina har sau biyu, ya tafi alwala.

Dogon nan na samu yana ɗinke bakin buhu. Ya ce, “Malam, a lakwal ɗinku, makarantar boko, haka ake tambaya, kai tsaye kamar ɗan duwan mai binciken kaya a boda?”

Na ce, “Littafin ne ba ku so? In yaga shi yanzu.”

“A’a, littafi ya yi. Ba faɗa.”

“To Tsohon ne ya yi laifi?”

“Wane laifi? Bawan Allah.”

“To mene ne?”

Ya ciji zaren ya tofar. “Da, in ya tsallake ni, na san wani abu ya gani. In zage shi, shi zage ni, in tafi gida raina fes. Yanzu lamba yake karantawa. Wa zan zaga?”

Na daɗe riƙe da biro. Maganar ba ta shiga dama, ba ta shiga hagu. Da yamma na duba shafin, kowa yana kan layin tsakiya.

Na gaya wa Tsoho gaskiya, ba wanda ya ce ya tafi, ba kuma wanda ya ce ya tsaya. Ya ce ai sun gama magana ke nan. Na ce laifina ne, a jefar da littafin a koma yadda ake. Ya girgiza kai. “In na yar da shi yau, sai a ce da ma son kai ya sa nake zaɓe da ido. Ba ya yaruwa, Malam.”

Washegari da hantsi ya miƙa littafin ga dogon nan a gaban kowa, ya ce idonsa ba ya ganin lamba. Aka yi fatiha. Ya koma ya zauna a kan benci. Kafin azahar wani ya zaro masa goro, wani ya ce, “Tsoho, matsa mana.” Ya matsa yana zaginsu har kakanni, fuskarsa kamar wanda aka sallamo daga asibiti.

Sabon ciyaman yana karanta lambobi yadda na tsara. Sai dai kafin ya buɗe baki yakan saci kallon benci, wani lokaci kuma ya yi tari ya tsallake lamba, ba mai cewa uffan. A wasiƙu dogon nan nake rubutawa a matsayin shugaba. Da za a rantsar da ni, ban san wanda zan nuna ba. Ban kuma sani ba ko sauke Tsoho suka yi, ko ƙwato shi suka yi daga hannuna.

Kujerar ta yi makonni a jingine da darbejiya, kaji na hawa. Ran nan na iso da safe, sai na ga an goge ta tas, an ajiye ta daidai inda nake zama a kan buhun gero. Jama’a suka miƙe. “Ranka shi daɗe, Sakatare.”

Na dubi Tsoho. Yana tauna goro, ya ce, “Zauna mana, Malam. Kai malami ne, wataƙila ta girma ce kawai.”

Na ce, “Wataƙila?”

Ya ce, “Wataƙila.”

Ina nan tsaye da jaka a hammata har mota ta shigo, aka karanta lambobi, kowa ya nufi lodi.